Kawu da 'Yar Kibiyar da Ke Ɓata Mana

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Na Allah ne mu duka, shi dai ya riga mu amsa kira. Na jira har aka yi bakwai, aka naɗe tabarmi, aka mayar wa maƙwabta da butocinsu, sannan na zauna rubuta wannan. Shi ne ya koya mini cewa ba a fara aiki sai an gyara tebur.

Zan fara da wurin zaman makoki, tunda shi ne na kusa.

A gidansa na Tarauni aka zauna. Maza suna waje a ƙarƙashin rumfa, mu mata muna tsakar gida tare da Inna, matarsa. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk wadda ta durƙusa ta ce mata ya haƙuri, sai ta amsa da godiya ga Allah, sannan ta ƙara da magana guda, kullum ita ce: "Ya bar takalmansa a jere." Da gaske ne. Suna bakin ƙofar ɗakinsa, na masallaci, na shago, na Juma'a, kowanne kansa yana duban waje. Har aka yi bakwai ba wanda ya iya taɓa su.

Abin da maza suka faɗa a waje, ƙanena ne ya kawo mini. Masu buga takardu na bakin kotun Gyadi-Gyadi sun rufe teburansu sun zo a tare. Ɗaya daga cikinsu ya ce sau uku Kawu ya dawo masa da takardar rantsuwa saboda waƙafi guda da ya sa a inda ba gurbinsa ba. Ya ce ya yi fushi kusan shekara, ga shi yau shi ma haka yake yi wa mutane, suna zaginsa. Wani mai adaidaita sahu daga Darmanawa, furfura ta fara fito masa, ya ce ya taɓa zuwa a buga masa takardar neman aikin direba, ya roƙi a rage masa shekara biyar. Kawu ya zare takardar daga inji ya ce, "Akwai shago huɗu a jere da nawa. Je ka gwada su, ni hannuna bai iya ba." Ya ce ya tsaya aka buga masa da shekarunsa na gaskiya, kuma bai sami aikin ba, amma ga shi ya zo. Mutane suka yi dariya a hankali, irin wadda ake yi a gidan mutuwa.

Akwai kuma mai gyaran kwamfuta, wanda shagonsa yake jingine da na Kawu shekara da shekaru. Ya zauna har aka shafa addu'a. Da zai tashi ya ce, "Tsohon nan ya wahalar da ni a kan da'ira guda." Ba wanda ya gane. Ni na gane, kuma saboda wannan da'irar nake rubutun nan, don kada ta tafi tare da mu 'yan kaɗan da muka sani.

Sai wane ne shi a wurina. Kawu yayan mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa, ko da yana yi mini faɗa. Shi ne shugaban masu buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati. Da mahaifina ya rasu ina aji uku na sakandare, karatu ya tsaya, shi ya zaunar da ni a gaban tafireta a zaurensa, daga baya ya tsaya mini har aka ɗauke ni aiki.

Dokokinsa uku ne, kuma a jere yake faɗarsu. Ta farko, a miƙe baya. Ta biyu, kowane yatsa yana da gidansa a layin tsakiya, in ya fita aiki ya dawo gida. Ta uku ita ce babba: ido yana kan rubutun da aka ba ka ka buga, a gefen hagu, ba a kan inji ba. Ya yanke kwalin sabulu ya yi masa ƙofa, yana kifa shi a kan hannayenmu don kada mu ga haruffa. Yana riƙe da rula, amma bai taɓa dukan kowa da ita ba. Tebur yake ƙwanƙwasawa. In ka saci kallon takardar da ke cikin inji sai ka ji ƙwas, ya ce, "Me kika ajiye a can? Aikinki yana nan gefe." Wata shida ana yi mini haka, har ya zamana zan buga shafi guda cur ban dubi inji ba, ƙararrawar ƙarshen layi kawai nake sauraro. Mu ɗalibansa da wannan aka san mu a ofisoshi. Da an ga mai bugu ya kau da kai gefe kamar mai fushi da injinsa, an san hannun Kawu ne. Muna alfahari da haka.

Ba mai yawan yabo ba ne. In ka yi kuskure uku zai ce uku. In ba ka yi ko ɗaya ba zai juya takardar ya duba bayanta, wai ko ka danna aya da ƙarfi ta huda. Amma duk wanda ya kammala koyo a hannunsa, sai ya buɗe aljihun tebur ya ba shi sabon ribin, zaren tawadar tafireta, a cikin kwalinsa, ya ce, "Kada ka ara wa kowa." Nawa na ɓoye shi har ya bushe ban sa a inji ba.

Ya yi ritaya tun zamanin soja, ya buɗe shago a Gyadi-Gyadi kusa da kotu, yana buga wa mutane takardun rantsuwa da na sayen fili. Tafiretarsa tana da riga da Inna ta ɗinka mata da ragowar atamfa. Duk yamma sai ya sa mata kafin ya sa tasa hular.

Yanzu sai abin da ya faru.

Da sojoji suka koma bariki, farar hula suka hau, aka shiga kawo sababbin kaya ofisoshi. Aka canza labule, aka canza kujeru, aka shigo da kwamfutoci a cikin kwalaye. Sun daɗe a lulluɓe muna wuce su kamar baƙin da ba a gabatar mana ba. Rannan sai ga takarda daga sama: duk mai buga tafireta an ba shi wata uku, za a yi masa jarabawa a kan kwamfuta. Wanda ya ci ya zauna a kujerarsa. Wanda ya faɗi a sallame shi. Ni na buga takardar da hannuna, da kabon huɗu. A lokacin maigidana yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ga 'ya'ya huɗu, babbar tana shirin gama sakandare. Albashina shi ne gidan.

Mu bakwai ne ɗaliban Kawu da abin ya shafa, mata biyar, maza biyu. Babbanmu wani malami ne da ke zaune a Hotoro, saura shekara uku ya yi ritaya, Malam muke ce masa. Ranar Asabar muka haɗu muka tafi shagon Kawu. Ya karanta takardar ya daɗe, ya kawo ta kusa da fuska, ya ninke ta gida huɗu. Ya ce, "Ku ba ni mako biyu." A cikin mako biyun babban ɗansa ya aiko da tsohuwar kwamfuta daga Legas, mai gyara ya haɗa ta, Kawu ya zauna a gabanta kamar ɗan aji ɗaya yana tambaya, ana faɗa masa yana haddacewa. Yana neman shekara saba'in a lokacin. Da muka dawo, Inna har ta ɗinka wa kwamfutar riga.

Muna zuwa bayan an tashi aiki, da la'asar, da kuma Asabar da safe. Inji ɗaya, mutum bakwai, kowa minti ashirin, saura su tsaya a baya suna kallo. In an ɗauke wuta mai gyara ya ja mana waya daga janaretansa.

Bugu bai ba mu wahala ba, haruffa suna inda muka bar su. Sai dai hannun hagu, da an kai ƙarshen layi sai ya tashi da kansa zai tura abin da babu, ya dawo da kunya. Wannan mun daina cikin kwana uku. Abin da ya gagare mu shi ne 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar gilashi in an motsa linzami, ɗan abin nan da ake turawa da hannu a kan tebur. Ƙarama ce, fara, a kan farar takarda. In ta hau rubutu sai ta koma siririya kamar tsinke. In ka fara bugu sai ta ɓuya gaba ɗaya. Matasa ba ta ɓace musu, domin su gilashin suke kallo dama. Mu kuwa idonmu yana gefe. Kafin mu gama sakin layi mu waiwayo, ta tafi. Sai mutum ya shiga girgiza linzami, ya danna a inda bai sani ba, rubutun minti goma ya yi baƙi, ya taɓa harafi ɗaya, duk ya ɓace. Malam ya taɓa ɗaga linzamin ya leƙa ƙarƙashinsa. Wata a cikinmu ta ce, "Malam, ba ta nan, ta tafi kasuwar Tarauni cefane." Muka yi dariya, amma da na koma gida na kasa cin abinci.

Kawu ya gwada magani uku, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko tsinken tsintsiya ne. Ya ce wanda ke tsaye a baya ya riƙa bin kibiyar da tsinke, in mai bugu ya waiwayo ya same ta. Wannan ya yi kwana biyu. Mai riƙe tsinken ma ɗalibin Kawu ne, da ya ji ƙarar bugu sai idonsa ya tafi gefe.

Na biyu, ya ɗauko bangon robar nan mai garai-garai da ake sa wa takardu in an ɗinke su littafi. Ya manna shi a fuskar gilashin da salatif, ya sa aka zana da'ira da alƙalamin maka mai ruwan ɗorawa a kusurwar dama. Ya ce, "Yatsu suna da gida, ita ma ga nata. Kafin ki kau da kai, mayar da ita gida." Wannan ya ɗan yi aiki, in mutum ya tuna. In ya manta, sai an nemo ta kafin a kai ta gidan. Muna cikin haka mai gyara ya leƙo. Ya dubi robar, ya dubi Kawu, ya dafa ƙofa yana dariya.

"Baba, me ka yi wa injin nan?"

"Gida na gina mata."

"Ai wani ya riga ka. Nasa gidan ma tare suke tafiya da ita."

"To me ka tsaya yi a bakin ƙofa?"

Na uku ke nan. Washegari ya zo da diski, ya ɓare robar Kawu, ya sa wata 'yar manhaja. Ya yi mana bayani da abin da muka sani. Ya ce kamar robar nan ce, amma daga ciki. Ta rufe fuskar gilashin duka, ba a ganinta, ba ta tare rubutu, in ka danna abu dannawar tana ratsa ta ta wuce. Abu ɗaya ne a jikinta, da'ira mai ruwan ɗorawa kamar bakin kofin shayi, kuma duk inda kibiya ta je tana tsakiyarta. Ana ganin haruffa ta cikinta. In ka danna sai ta yi ja ta koma. Kawu ya shafa gilashin da tafin hannu yana neman bakin robar bai samu ba. Ya motsa linzami, da'irar ta bi shi dama, ta bi shi hagu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Malam ya ce, "Yanzu ta sa hula, ta zama mutum." Ranar kowa ya buga shafinsa ba abin da ya ɓace, muka fito muna hira kamar an riga an ci jarabawar.

Ni ce na ɓata wannan farin cikin, kuma zan faɗa yadda ya faru ba tare da na gyara ba. Na je ɗakin da aka jera injinan jarabawa a ofis, na roƙi mai kula da su ya kunna mini ɗaya. Babu da'ira. Na tambaye shi ko za a bari mu zo da diskinmu. Ya ce an hana sa diskin waje a injin gwamnati, ko na wane ne. Daga nan na hau bas zuwa Gyadi-Gyadi raina a ɓace. Na tarar da Kawu shi kaɗai. Na ce ya je ya ga manya, da yawansu shi ya buga musu takardar kama aiki, ya roƙa mana alfarma. Ya ce bai taɓa roƙon a sassauta wa ɗalibinsa jarabawa ba, ba zai fara da furfura ba. Sai na ce, "Kawu, ku kuka cuce mu. Ku kuka hana mu kallon inji shekara ashirin, ga shi yau za a kore mu saboda haka. Yanzu kuma kun saba mana da abin da ba za mu samu a can ba."

Ya ɗauki rigar tafireta ya sa mata, ya gyara kusurwoyin huɗu.

"Kin gama, Uwata?"

Na ɗauki jakata na nufi ƙofa.

"Gobe ƙarfe huɗu."

Ban je ba. Kwana huɗu ban je ba. Ranar na biyar Inna ta zo gidana da kanta, ta duba maigidana, ta zauna a bakin gado ta ƙi shan ruwa. Ta ce, "Ni ban san me ya haɗa ku ba, bai faɗa ba. Amma tuwo yana dawo mini yadda na kai. Jiya na ji shi yana cewa wai hannunsa ne ya ɓata yaran mutane. Kuma minti ashirin ɗinki ya hana kowa ya hau, sai injin ya zauna haka nan." Na sa mayafi na bi ta. Na durƙusa na gaishe shi a gaban sauran. Ya ce, "Kin makara da kwana huɗu da minti goma. Zauna."

Saura mako shida a lokacin. Daga nan karatun ya canza. Kawu ya daina zama a gaban kwamfutar ya nuna mana da hannunsa. Sai ya tsaya a baya, hannaye a goye, in mutum ya gama sakin layi ya ce, "Ina take?" Ka ɗora yatsa a kan gilashi. Sai ya ce da na kusa, "Malam, haka ne?" In an ce haka ne, ya ce a ci gaba. Ya ƙara doka ta huɗu a kan ukun nan da suka shekara talatin ba a taɓa su ba: in ka waiwayo kada ka girgiza linzami, kada ka danna komai, ka tura shi kaɗan zuwa dama ka jira idonka ya kama abin da ya motsa. Aikin mutanen kotu kuma, da ya fara yi a kwamfuta yana jin daɗi, ya mayar da shi kan tafireta. Mun ɗauka don ya bar mana injin ne.

A mako na biyu na ga kamar da'irar ta ɗan koɗe. A na uku na tabbata. Ban faɗa wa kowa ba, domin na ɗauka idona ne yake mutuwa, kuma mai bugun da ido ya mutu ba sai an yi masa jarabawa ba. Na nemi izini a ofis da sunan zan kai maigidana asibiti, na tafi asibitin ido ni kaɗai. Likita ya ce idona daidai yake da shekaruna, ya rubuta mini tabarau na karatu. Daga baya na gane kowa a cikinmu da irin tsoron da ya ɓoye. Wata tana goge gilashin da gefen mayafinta kafin ta zauna. Malam ya ce janareta ne ba ya ba da wuta sosai. Shi ya yi ƙarfin halin tambaya.

"Baba, kamar hular nan tana koɗewa."

"Ba launi aka aiko ka dubawa ba. Ina take?"

Ana saura kwana biyar, wata tana cikin bugu sai ta tsaya ta ce, "Wai ina da'irar nan?" Muka matso duka. Babu ita. Kibiya ce tsirara a kan farar takarda, kuma yatsan matar yana kanta. Kawu ya ce, "Tun Asabar aka cire. Yau Laraba. Ci gaba, lokacinki yana tafiya." Mai gyara ne ya ba mu sauran labarin. Ya ce washegarin ranar da na yi wa Kawu rashin kunya, Kawun ya tambaye shi ko ana iya rage ƙarfin launin. Da ya ce ana iyawa, sai ya kawo masa takarda bugaggiya, mataki biyar, kowace Asabar da nata. Kafin mu iso yake tsare shi a kai, in ya makara ya aika a taso shi daga gida.

Ranar jarabawa aka ba mu wasiƙa mai shafi biyu da jadawali a ƙasanta, minti arba'in. Na miƙe bayana, na sa yatsu a gidajensu, na kau da kai. A tsakiyar shafi na biyu na waiwayo, ba ta nan. Hannuna yana so ya girgiza linzamin. Na riƙe shi. Na tura kaɗan zuwa dama, na jira. Ga ta can a ƙasa kusa da jadawali, tana motsi kamar tururuwa. Na gama saura minti shida.

Bayan mako guda aka manna sunaye. Biyar muka ci. Malam bai ci ba, da wata guda. Ita 'ya'yanta sun girma, ta koma sayar da atamfa a gida. Malam kuwa Kawu ya sa masa tebur a shagonsa, suka zauna tare har ƙarfin Kawu ya ƙare.

Daga wurin allon sunaye ban koma ofis ba, Gyadi-Gyadi na wuce. Azahar ta ɗan gota, layin ba kowa, an tafi masallaci ba a gama dawowa ba. Ƙofar shagon a buɗe take. Kawu yana zaune a gaban kwamfutar. An mayar da da'irar, amma ba irin tamu ba. Wannan ta kai murfin kwano, launinta ya yi kauri har da ƙyar ake ganin rubutu ta ciki. Hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Yana tura linzami a hankali, yana bin hasken da fuskarsa gaba ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa, tsakanina da shi bai fi taku uku ba, ya ɗago ya dubi wajen da nake, ya mayar da kai. Bai san da mutum ba sai da na yi sallama.

Ya amsa, ya kai hannu zai kashe injin, ya fasa.

Na ce, "Kawu, tun yaushe?"

"Tun kafin ku kawo mini takardar nan. Yanar ido ce. Ta fara da na hagu."

"Da kuke tambayarmu ina take..."

"Tambaya nake yi. Tun Asabar ta biyu ban ƙara ganinta ba."

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Da na faɗa, ke za ki fara cewa a mayar da da'ira saboda Kawu. Na san ki. Bakinki ne kawai mai zafi."

Na zauna a kan benci. Sai a lokacin na gane dalilin komawarsa kan tafireta. Ita ba ta neman idonsa. Mai takarda ya faɗa da baki, shi ya buga.

Ya ce, "An manna?"

"An manna. Na ci."

"Kuskure nawa?"

"Biyu."

"Biyu," in ji shi, ya girgiza kai. Amma ya ciro hankici ya daɗe yana goge fuska, alhali ba zafi ake yi sosai ba.

Na ce, "Kawu, maganar da na faɗa muku rannan."

"Na goge ta. Ban sa kabon ba, babu kwafe. Jawo kujera, akwai takardar fili guda biyu, masu su za su dawo da la'asar. Ki kashe da'irar nan, ke ba kya buƙatarta."

Na jawo kujera. Na ce zan bar ta a kunne, don ya riƙa ganin inda hannuna yake. Ya matso da tasa kujerar kusa da tawa, yana faɗa ina bugawa, in na motsa linzami sai in ga kansa ya bi hasken. Da na kai ƙasan shafi ya ce, "Kin bar wurin sa hannun shaidu?" Na ce na bari. Ya ce, "Uku ne, ba biyu ba." Na duba, biyu na bari. Na gyara.

Daga baya ɗansa ya kai shi aka yi masa aiki, ido ɗaya ya ɗan dawo, ɗayan bai dawo ba. Ni kuwa na zauna a kujerata har na yi ritaya da ƙafata, na yi jinyar maigidana har Allah ya karɓi abinsa, 'ya'yan nan huɗu duk sun yi karatun da ni ban samu ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya ba Inna haƙurin zama ba shi. Ya yarda ya tsaya a duhu mako biyar don mu gani. Allah ya sa hasken da ya rage wa kansa ya tarar da shi a kabarinsa, ninki ba adadi. Amin.